Yadda ake yi wa motar rimot fenti, a tsofar da ita, a ɗauke ta bidiyo kamar ta gaske

Motar rimot tana fitowa daga kwali tana sheƙi, ko ƙwarzane ɗaya babu, kuma wannan sheƙin ne yake fara tona mata asiri a gaban kyamara. Aikin da za a bayyana a nan shi ne a ɗauki mota mai girman kashi ɗaya cikin goma na ta gaske, wato 1/10, a mayar da ita tsohuwar Land Cruiser a-kori-kura, wadda ake kira shas a Saudiyya, ko Hilux irin ta masu kiwon raƙuma, sannan a ɗauke ta bidiyo ta yadda mai kallo sai ya sake dubawa. Kafin ka sayi komai, fita ka ɗauki hoton motar gaske wadda ta sha aiki: gaba, baya, gefe, saman bonet, ƙasan ƙofofi da cikin bodin baya. Hotuna goma sun isa. Motar da ta tsufa a Riyad ko Ƙasim rana ce ta cinye mata fenti, ƙura ta zauna mata a lunguna, tsatsa kuwa kaɗan ce. Wadda ta tsufa a Jidda ko Yanbu iskar teku ce ta ci ta, tsatsa ta kama ƙasan ƙofofi da bakin modigad. Zaɓi ɗaya ka bi shi har ƙarshe. Masu fara wannan aiki sun fi lalata shi ta wajen haɗa kowace irin tsufa a jikin mota guda.

Fara sanin irin bodin da ke hannunka

Bodi iri biyu ne, kuma fentinsu ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne na roba mai laushi, garai-garai kamar gorar ruwa, wanda ake kira Lexan ko folikabonet. Yana lanƙwasa ya dawo, shi ne a kan yawancin motocin Traxxas da Axial. Na biyu shi ne bodi mai tauri na robar ABS, irin wanda Killerbody da RC4WD suke yi, da wasu daga cikin na Tamiya. Shi ne mai hannun ƙofa da madubi da layukan jiki masu zurfi, kuma shi ya fi karɓar tsufa, sai dai yana da nauyi kuma yana fashewa idan mota ta wuntsila kan dutse. A fentin gwangwani na Tamiya, masu lambar PS na bodi mai laushi ne, masu lambar TS na bodi mai tauri ne. Idan ka fesa TS a kan Lexan, zai yi kyau ranar farko, amma da zarar bodin ya lanƙwasa sai fentin ya tsattsage ya zube ɓawo-ɓawo.

Kayan aiki

Na shiri: sabulun wanke kwanuka, sanfefa mai lamba 600 da 1000 da 1500, tef ɗin takarda na masu fenti (siriri mai milimita 6 da mai faɗin milimita 18), wuƙar yanka mai kaifin tsini, ƙaramin almakashi mai lanƙwasa idan bodin Lexan ne, safar hannu, da takunkumi mai matatar hayaƙin fenti. Takunkumin asibiti ba ya tare warin tina, wato ruwan da ake narkar da fenti da shi.

Na fenti: gwangwani ɗaya na fentin shimfiɗa, wato firaima, fari ko ruwan toka, gwangwani biyu na launin jiki, domin gwangwanin Tamiya mililita 100 ne kuma ɗaya ba ya rufe bodin 1/10 da kyau, baƙi, ruwan azurfa, da kiliya marar sheƙi, wato fenti garai-garai da ake rufe aiki da shi, TS-80 ga bodi mai tauri, PS-55 ga Lexan. Farin shas, TS-26 ko PS-1. Ruwan yashi, TS-46.

Na tsufa: ƙananan kwalaben fentin akirilik, XF-64 ja-ƙasa, XF-57 da XF-52 na ƙura, XF-1 baƙi, da tinarsu X-20A, fentin mai na masu zane, Burnt Umber da Burnt Sienna, tub ɗaya-ɗaya, tina marar wari ta masu zane, allin fastel busasshe ruwan ƙasa da ruwan yashi, buroshi siriri, buroshi mai faɗi, da tsohon buroshi mai taurin gashi, guntun soson kwali, audugar kunne, tsinken sakace, fensirin rubutu 2B, gishiri.

Sanfefa da tef da takunkumi ana samunsu a shagunan SACO na Saudiyya ko shagunan kayan gini na unguwa, fentin mai da fastel da buroshi a shagunan Jarir. Fentin gwangwani na roba sai shagunan motocin rimot na manyan garuruwa, kuma sayensa a cikin ƙasa ya fi sauƙi, domin kamfanonin dako ba sa son ɗaukar gwangwanin feshi a jirgin sama. Idan bodinka mai tauri ne kuma ba ka samu TS ba, fentin gwangwani na mota zai yi, muddin ka shimfiɗa firaimar roba tukuna kuma ka yi feshi siriri, don tinarsa tana da zafi, tana iya cin roba. Ga Lexan kam babu madadi, sai fentinsa. Ƙaramar bindigar feshi tana sauƙaƙa aikin ƙura, amma yawancin abin da ke ƙasa ana iya yinsa ba tare da ita ba.

1. Zaɓi lokaci da wuri

Zafi da laima ne abokan gābar feshi a Saudiyya. Da rana tsaka a lokacin zafi, fenti yana bushewa a iska kafin ya sauka, sai ya zauna a jikin mota da kaushi kamar an barbaɗa yashi. A Jidda kuma, daren da laima ta yi yawa, fenti yana yin fari-fari, musamman baƙi da kiliya. Saboda haka a garuruwan cikin ƙasa yi feshi bayan sallar Asuba, kafin gari ya ɗau zafi. A bakin teku jira hantsi, a inuwa, lokacin da raɓa ta ɗauke. Ranar da aka tashi da guguwar ƙura, haƙura. Saman bene ko farfajiyar gida ya fi, ba ɗaki mai na'urar sanyaya iska ba, don na'urar za ta zagaya da warin cikin gida gaba ɗaya. Nemi babban kwali ka kwantar da shi ya zama rumfar feshi, ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, ka tanadi wani kwalin da za ka kifa a kan bodin yana bushewa. Kada ka bar gwangwani a cikin mota a rana; an rubuta a jikinsa kada ya wuce digiri 50, cikin mota a watan Yuli kuwa yana wuce haka.

2. Shirya bodin

Cire duk abin da ke ciruwa: gilasai, fitilu, madubai, bamba, hannun ƙofa. Idan bodi mai tauri ne, kankare layin da injin zuba roba ya bari da sanfefa 600, ka bi duk jikin da 1000 har sheƙin ya mutu. Idan Lexan ne, fara yanka shi da huda ramukansa, ka gwada shi a kan shasi ka tabbatar taya ba ta gogar modigad idan ta lanƙwasa, kafin fenti ya taɓa shi. Sannan ka wanke da sabulun kwanuka da ruwa, ciki da waje, domin akwai maiƙon da ke fitar da roba daga mazubi, kuma fenti ba ya kama shi. Bar shi ya bushe da kansa. Daga nan kada ka ƙara taɓa shi da hannu tsirara.

3. Launin jiki

Girgiza gwangwani minti biyu cikakku. Riƙe shi tazarar santimita 20 zuwa 25, ka fara danna feshi kafin ka iso bodin, ka wuce shi kafin ka saki. Shafi na farko ya zama siriri har kana hango abin da ke ƙasa. Jira minti goma sha biyar, ka ƙara. Shafi uku ko huɗu sirara sun fi ɗaya mai kauri, wanda yake gangarowa ya taru a ƙasan ƙofa. Idan ya gangaro, kada ka goge shi da ɗanye. Bar shi kwana biyu, ka goge da sanfefa 1000 da ruwa, ka sake fesawa.

Ga bodi mai tauri, jerin shi ne firaima, kwana ɗaya, shafawa da 1500, sannan launi. Ga Lexan, al'ada ita ce a fesa daga ciki, a fara da launi mai duhu a ƙare da mai haske, sai robar ta zama kamar kiliya a kansa. Wannan yana ba da sheƙin motar da ta fito daga shago, wanda ba shi muke nema ba. Ga motar da za a tsofar, manna takardar rufe gilasai ta ciki, ka fesa cikin bodin da ruwan azurfa PS-12, ka bi bayansa da baƙi. Sannan ka ɓare ledar kariya da ke waje, ka rufe gilasan ta waje, ka ɗan goge wajen da sanfefa 1000, ka fesa launin jiki a waje. Amfanin wannan shi ne duk inda dutse ya ƙwarzane motar nan gaba, azurfar ce za ta leƙo, kamar ƙarfe ne ya fito.

Kada ka bar farin ya zama fari tas. Idan kana da bindigar feshi, haɗa XF-57 kashi ɗaya da tina kashi tara, ka hura kaɗan a gefuna. Idan launi mai duhu ka zaɓa, ja ko shuɗi, ƙara masa fari kaɗan ka hura a tsakiyar rufi da tsakiyar bonet, ka bar bakinsu da ainihin launin, domin saman mota rana take fara kodar da shi. Layukan ado na gefe da tambari ana manna su yanzu, fenti yana da santsi. Bar bodin kwana biyu zuwa uku kafin mataki na gaba. A lokacin zafi zai yi kamar ya bushe cikin awa ɗaya, amma samansa ne kawai.

4. Ɓarewar fenti

Nan ne aikin yake, kuma nan ne hannu yake zarcewa. Duba hotunanka: fenti yana ɓarewa inda ake taɓawa da inda tsakuwa ke duka. Bakin bonet na gaba, kewayen hannun ƙofa, matakalar shiga, gefen ƙofa inda take bugun bango, saman bangon bodin baya inda ake jan buhunan abincin dabbobi da jarkoki, da ƙasan bodin baya inda kaya ke goga. Tsakiyar ƙofa da tsakiyar rufi ba kasafai suke ɓarewa ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta soso. Yago guntu kamar ƙwayar dabino, da hannu ba da almakashi ba, don bakinsa ya zama barkatai. Haɗa XF-64 da ɗigon baƙi, ka tsoma soson, ka daddanna shi a kan takarda har ya kusa bushewa, sai ɗigo ƙanana yake bari. Sannan ka taɓa wurin da sauƙi, kana juya soson a kowane taɓi don kada zane ɗaya ya maimaitu. Ka riƙa tuna girman: ɓarewar da take santimita ɗaya a motar gaske, milimita ɗaya ce a nan. Tabon da ya kai farcenka yana nufin rami mai faɗin tafin hannu. Idan kana son ɓarewar ta yi zurfi, fara da launin da ya fi na jiki haske kaɗan, sannan ka ɗiga mai duhu a tsakiyarsa da siririn buroshi, ka bar hasken ya kewaye shi.

Ga wurin da fenti ya ci sosai, kamar ƙasan bodin baya, gishiri ya fi soso. Wannan sai an shirya shi tun kafin launin jiki: a fesa wurin da ja-ƙasa, ya bushe, a jiƙa shi da ruwa kaɗan, a barbaɗa gishiri mai gauraye da manya da ƙananan ƙwayoyi, a bari ya bushe sarai, a fesa launin jiki siriri daga ɗan nesa don iska kada ta kwashe gishirin. Bayan awa ɗaya a goge da buroshi mai tauri, a wanke da ruwa. Wanke shi da kyau, domin ragowar gishiri tana fitar da farin tabo bayan kwanaki, a Jidda ma tana jan laima. Akwai masu amfani da feshin gashi a madadin gishiri: shafi biyu sirara a kan ja-ƙasan, sannan fentin akirilik a sama, bayan rabin awa a jiƙa a kankare da buroshi. Yana ba da ɓarewa mai kyau, amma da akirilik kaɗai yake aiki, ruwa ba ya ratsa fentin gwangwani.

A ƙarshe goga bakin fensirin 2B a kan kaifin matakala, ƙugiyar ja, da bakin ƙofar baya, ka murza da yatsa. Yana ba da ƙyallin ƙarfen da hannu ya goge.

5. Dauɗar lunguna da zubar tsatsa

Matsa ɗan Burnt Umber kamar ƙwayar shinkafa a kan kwali, ka bar shi minti ashirin kwalin ya tsotse man, don ya fi saurin bushewa kuma kada ya yi sheƙi. Narka shi a tina marar wari har ya zama kamar shayi mai kauri. Taɓa bakin siririn buroshi a layin ƙofa, za ka ga ruwan ya bi layin da kansa. Haka za ka yi wa layin bonet, kewayen madafin ƙofa, kusoshi, da ragar gaban lagireto. Bayan minti goma sha biyar, goge abin da ya fita da audugar kunne mai ɗan danshin tina, kana ja daga sama zuwa ƙasa.

Zubar tsatsa kuma, ɗiga Burnt Sienna da tsinken sakace a ƙarƙashin madafi ko tabon da ya ɓare, ka ja shi ƙasa da buroshi mai faɗi wanda ka tsoma a tina ka kusa busar da shi, har ya zama inuwa kawai. Motar Jidda za ta ɗauki irin wannan a wurare da dama. Motar sahara, biyu ko uku sun ishe ta, sai tabon mai a ƙarƙashin murfin tanki.

Gargaɗi: tina tana sa robar ABS ta yi gautsi, musamman kusa da ramin sukuru inda robar take a matse, kuma tana iya tsaga Lexan. Kada ka bari ta taru a lungu, kada ka yi wannan aiki bodi yana ɗaure a shasi. Idan kana tsoro, yi da akirilik da ruwa da ɗigon sabulu. Yana saurin bushewa, saboda haka yi yanki-yanki ka goge nan take. Bar fentin mai kwana biyu, sannan ka rufe komai da kiliya marar sheƙi, shafi biyu sirara, gilasai a rufe.

6. Ƙura

Kankare allin fastel a kan sanfefa ka tara garin. Haɗa launi biyu ko uku, ka kwatanta da ƙasar inda za ka yi ɗauka, domin yashin Sumama a arewacin Riyad ja ne, na wajejen Bahra tsakanin Jidda da Makka ya fi haske, kewayen Madina kuwa baƙin dutse ne na aman wuta, wanda ake kira harra, da ƙura mai toka-toka. Motar da ƙurarta ta saɓa da ƙasar da take takawa tana fita daban a hoto. Garin yana kama kiliya marar sheƙi, ba ya kama mai santsi, shi ya sa aka jinkirta shi zuwa yanzu.

Shafa shi da buroshi mai laushi a kashi ɗaya cikin uku na ƙasan gefen mota, ya fi kauri a bayan kowace taya, ya riƙa raguwa yana hawa. Ƙofar baya ta fi ko'ina ɗaukar ƙura, don iska tana juyawa a bayan mota tana manna ta. Cika kusurwoyin bodin baya da gindin gilashin gaba. Don ya zauna, taɓa gefen garin da buroshi mai X-20A, ruwan zai ratsa shi ya kafe shi. Kada ka shafa. Idan ka fesa kiliya a kansa, rabin hasken zai ɓace, sai ka ƙara wani.

Gilashin gaba: yanka tef a siffar bakan da waifa take sharewa, ka auna da tsawon waifar motar, ka manna, ka hura ƙura siririya ko ka fesa kiliya marar sheƙi sau ɗaya daga nesa, ka ɓare. Tayoyi ba a yi musu fenti, roba ce mai motsi, zai zube. Wanke su da sabulu, ka murza musu fastel, ka goge saman haƙoran da yatsa. Wili da bamba da abin da ake hangowa na shasi su ma su sha ƙura. Bodi tsoho a kan shasi mai sheƙi da shokazoba ja ko shuɗi ba ya yaudarar kowa. Fesa musu baƙi marar sheƙi, amma ka rufe sandar shokazoba da tef.

Abubuwa biyu suka rage kafin kyamara. Ƙusoshin da ke riƙe bodi ta saman bonet, musanya su da maganaɗisu daga ciki. Kujerar direba kuma kada ta zauna wayam. Sa mutum-mutumi mai girman da ya dace, ko ka duhunta gilasan. Jarka, igiya, da ɗan bargo a naɗe a baya suna ƙara mata rai.

7. Ɗaukar bidiyo

Waya ta isa, kuma a wannan aiki ta fi babbar kyamara sauƙi, domin tana fitar da gaba da baya tas. Ɓoye baya cikin dishi-dishi shi ne yake sa abu ya zama ɗan ƙarami a ido, saboda haka kashe tsarin da ke dusashe baya. Tsayin kyamara shi ne na farko: idon mutum yana wajen santimita 160 daga ƙasa, a 1/10 ya zama santimita 16. Juya wayar kai ƙasa don idonta ya kusanci yashi, ka jingina ta da ƙaramin buhun shinkafa ko safa cike da yashi idan ba ka da gajeren mariƙi mai ƙafa uku. Danna kan motar ka riƙe har haske da saiti su kulle, in ba haka ba farin yashi zai riƙa sa hoton yana duhu yana haske.

Na biyu shi ne gudu. Ƙaramin abu yana tsalle ya faɗi da sauri, ido kuma ya san babbar mota ba ta yin haka. Masu fim suna sassauta gudun hoto da tushen murabba'in girman, wanda a 1/10 ya kama sau 3.2, a 1/24 kusan sau 5. Idan za ka nuna bidiyon a hoto 30 cikin sakan, kana bukatar ɗauka a wajen 95; wayoyi suna da 120, shi za ka zaɓa, ka daidaita wajen tacewa. Hoto 240 ya yi yawa ga 1/10, motar za ta zama kamar tana iyo. Da wannan lissafi, motar da ke tafiyar kilomita 5 a awa za ta fito kamar mai kilomita 16, wadda kake so ta fito kamar mai 60 kuma sai ta yi wajen 19. A rimot, rage iyakar totur zuwa rabi don tashi da tsayawa su yi laushi, ka juya sitiyari a hankali. Idan bodi yana rawa, sa nauyi a ƙasan shasi, ka sassauta sifirin, don motar ta riƙa nitsewa tana tasowa kamar mai nauyin tan biyu.

Na uku shi ne fili. Durƙusa ka duba ta cikin wayar kafin ka ɗauka: murfin gora, guntun sigari, sawun takalmi, ganyen ciyawa mai faɗi, inuwarka, kowannensu yana bayyana girman motar. Share sawu da tsintsiya, ka zagayo ta bayan tudu. Nemi yashi mai laushi, ƙananan duwatsu masu kaifi waɗanda suke kama da manya, da tudun da bayansa sarari ne ko duwatsu masu nisa. Lokacin da ya fi shi ne awa ɗaya bayan fitowar rana, da bayan La'asar zuwa gab da Magariba, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Sa rana a bayan motar ko a gefenta, ƙurar da taya ke tayarwa za ta haskaka. Da tsakar rana fari yana ƙonewa a hoto, duk aikin buroshin da ka yi ya ɓace, wayar ma ta yi zafi ta daina ɗauka. Idan a gida za ka ɗauka da fitila, wutar Saudiyya tana bugawa sau 60 a sakan, wasu fitilun suna ƙyaftawa a hoto mai sassauci. Gwada sakan biyar tukuna.

Mutum biyu ake so, ɗaya da rimot, ɗaya da waya. Ɗauki gajeru, sakan uku zuwa biyar kowanne bayan tacewa: motar tana tahowa daga nesa, taya tana hawa dutse daga kusa, wucewa ta gefe, baya tana tafiya da ƙura. Idan ta shiga daga hagu ta fita dama, ta ci gaba da haka a na gaba. Cire ƙarar motar gaba ɗaya, don kukan injin batir siriri ne. Naɗi ƙarar motar gaske da wayarka, tashi da tafiya a hankali da takun tsakuwa, ka ɗora a manhajar tace bidiyo ta CapCut ko makamanciyarta, ka sa ƙarar ta ƙaru daidai inda motar ta fara hawa.

Ka kiyaye inda kake nuna kyamara. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tarar da za ta iya kai riyal dubu 500, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin mutane da kyamarar waya. Iyalan da suka fito shan iska kada su shiga hotonka, haka gine-ginen soja da na tsaro. Jirgi marar matuƙi kuma sai da rajistar hukumar jiragen sama. Kada ka yada zango a cikin kwari idan hadari ya haɗu, kuma ka tura dutse da takalmi kafin ka sa hannu, saboda kunama.

8. Batir da gyara bayan an dawo

Batirin LiPo, wato irin na motar rimot, ba ya son zafi. Ajiye shi a inuwa, kada ya wuce digiri 60, kada ka yi masa caji yana da zafi ko ba kowa a kusa, kuma wanda ya kumbura a daina amfani da shi. Idan za a ajiye shi kwanaki, a bar kowane sel a volt 3.8. A yashi mai laushi injin yana wahala. Bayan kowane minti goma taɓa shi, idan yatsa bai iya zama sakan uku ba, bar shi ya huce.

Yashi yana cin boris da haƙoran giya. Cire bodi, ka kaɗe shasi da busasshen buroshi ko iska, ka juya kowace taya da hannu kana saurare. Wadda ke ƙara ƙus-ƙus borisinta ya sha yashi, a wanke ko a canza. Kada ka zuba mai ko giris a sassan da ke waje, yashi ne zai manne ya zama abin niƙa. Bodin kuwa kada ka wanke shi. Hure ƙurar da ta yi yawa a gilashi da fitilu, ka bar sauran. Sabon ƙwarzanen da ya kai ga farar roba a bodi mai tauri, taɓa shi da XF-64 a bakin tsinke, ka bi da fensir idan ya bushe.